'Ya'yan Farin da Na Rubuta Sun Rasu

Sallama gare ku masu bibiyata. Kwana tara ke nan ban rubuta komai ba, kuma na ga saƙonnin masu tambaya ko an sa mini rana ne na ɓuya. Ba a sa ba. Abin da zan faɗa muku yau ko ƙanwata ban faɗa wa ba, don haka ku bi ni a hankali.

Ga wadda ta shigo yanzu, sunana Safara'u. 'Yar Gummi ce ni, amma aikin jinya ya kawo ni Anka, ɗakin yara na wani asibiti. Ɗaki guda aka ba ni a kwatas, da katifa a ƙasa, da ƙaramin gas, da labule ruwan ƙasa wanda na samu a wurin ban canza ba. A kusurwa akwai bakko cike da takardun bincikena na digiri na biyu. Wata uku ina hawa mashin duk ranar Talata zuwa ƙauyukan da ke bayan Bagega, inda ake haƙar zinari. Ina shiga gida gida ina yi wa iyaye mata tambayoyi, ina ɗibar jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar don a auna gubar dalma. Gida sittin da huɗu na shiga. Ranar Juma'a ya kamata in tura wa malamina a jami'a kammalallen rahoto.

Ranar Juma'ar ce kuma Nafi'u yake jira.

Nafi'u malamin lissafi ne a wata sakandare a Gummi. Shekara biyu yana nemana, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ya roƙa, in daina bin hanyar ƙauyukan nan kafin manyansa su je wajen Baba. Kada ku zarge shi. An taɓa tare yayansa a hanya, sai da ya yi kwana arba'in a daji. Duk Talata Nafi'u ba ya iya cin abinci sai na turo masa cewa na dawo. Na yi masa alkawari Talatar da ta wuce ita ce ta ƙarshe, shi kuma ya faɗa wa kawunansa su shirya.

Ranar Laraba da safe ina ɗaura agogona a ƙirjin farar rigar aiki saƙonsa ya shigo.

"Malama Nas, an tashi lafiya? Saura kwana biyu. Na fi ɗalibaina iya ƙirga kwanakin hutu."

Na yi murmushi ni kaɗai, na rubuta "Lafiya lau", na goge, na ƙara "alhamdu lillahi", na tura. Haka nake, abin da ke raina ba ya sauka a yatsana.

Bayansa sai saƙon murya daga ƙanwata Hajara. Na kunna ina saka hijabi.

"Yaya, Baba ya ce ranar Juma'a yake son jin magana guda, kada mutane su taso a ji kunya. Kuma na ga wani leshi ruwan zuma a kasuwa, wallahi kamar don ke anka yi shi."

Can bayan muryarta na jiyo ta Inna, tana magana kamar da bango take yi: "Ki ce ma waccan ta riƙa cin abinci, an ce ta rame."

Waccan ni ce. Ni ce 'yar farin Inna, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da aka yaye ni wajen kakata aka kai ni, a can na girma har na shiga sakandare. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa ya sani. Na mayar da saƙon baya na sake jin wurin sau uku, sannan na ja ƙofa.

Wajen ƙarfe goma muna raba maganin safe aka shigo da yarinya a guje. Wata tsohuwa ce ta rungumo ta, zanenta duk jar ƙasa. Yarinyar ba za ta wuce shekara huɗu ba, jikinta na jijjiga, idanu sun kafe sama, warin tafarnuwa da hayaƙi na tashi daga kanta. Tsohuwar na ƙoƙarin tura mata cokali a baki.

"Iya, cire cokalin," na ce, na karɓe ta. Na kwantar da ita a gefen hagu, na sassauta 'yar rigarta, na share kumfar bakin, na dubi agogo. Abokiyar aikina ta jawo iskar oksijin, aka kira likita. Da jijjigar ta haura minti biyar ya ba da umarnin magani, na ba ta. A hankali hannuwan suka saki.

Babu zazzaɓi. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, sukarin jininta daidai. Na tambayi tsohuwar daga ina suke, ta faɗi sunan ƙauyen. Ƙauyen da na yi Talata biyu a cikinsa ne.

"Ana niƙa dutse a gidanku?"

Ta kau da kai. "Iska ce ta taɓa ta, ɗiyata."

"Iya, ba hukuma ce ni ba. Ana niƙawa?"

"Ɗana na yi, can bayan rumbu. Mi za mu ci in bai yi ba?"

Na ɗebi jinin da kaina. Na'urar awon dalma tana da iyakar da take iya karantawa. Jinin Habsu, haka sunan yarinyar, ya wuce iyakar.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne, ta yaya na tsallake wannan gida? Ina cikin wannan tunani na hango wata matashiya a bakin ƙofar ɗakin, da goyo a baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Idonta na kan gadon Habsu, amma da tsohuwar ta waiwayo sai ta mayar da shi ƙasa. Na san fuskar. Sahura ce, gida na arba'in da ɗaya a takarduna. Ita ce ta ba ni fura a kwanon sha mai murfi, ta dangwala yatsa a takardar amincewa tana dariyar tawadar.

Na je na same ta. "Sahura, wa kika zo dubawa?"

Ta ƙara jan mayafinta.

"Wagga yarinya ɗiyar wa ce?"

"Ta Inna ce," ta faɗa a hankali, tana nufin surukarta.

Tsohuwar ta ji mu, ta ce, "Ita ta haife ta mana. Ta fari ce. Tun da anka yaye ta take wurina."

 Na tuna ranar sarai. A takardata akwai tambaya ta biyar: haihuwarki nawa? Sahura ta ɗaga yatsu biyu. Tambaya ta tara ta ce a lissafo sunayen yaran da shekarunsu. Ta faɗi sunan na goye, ta yi shiru. Na ce, "Ɗayan fa?" Ta sunkuyar da kai, ta shiga wasa da bakin zanenta. A ƙauyukan nan kusan kowane gida ya binne yaro a shekarun da gubar ta yi ɓarna. Na ga mace ta sunkuyar da kai, sai na ji nauyin in tono mata ciwo. Na ce, "Allah Ya jiƙansa," can ƙasan maƙoshi yadda ko ni ban ji sosai ba, na sa alama a gurbin da aka rubuta ya rasu, na wuce tambaya ta goma.

Ga wadda na yi wa addu'ar nan a kan gado, da robar oksijin a hanci.

Ban san yadda na ƙarasa aikin safen ba. Na auna numfashin Habsu duk rabin awa, na rubuta, na nuna wa tsohuwar yadda za ta juya ta in jijjigar ta dawo, na roƙe ta kada a sake sa mata komai a baki. Na samo wa Sahura kujera na ajiye daga bayan labule, inda za ta ga gadon ba tare da surukarta ta ga tana kallo ba. Ta zauna.

Ƙarfe biyu na miƙa aiki, na tafi ofishin Sista Turai, shugabar ma'aikatan jinyarmu. Mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, shekararta ashirin da shida a aiki. Na same ta da jan biro tana faɗa da jadawalin aiki na wata mai zuwa.

"In hutu kika zo nema, koma. Mutum bakwai gare ni, biyu na da ciki, ɗaya kullum kakarta ke mutuwa."

"Sista, kuskure na yi."

Ta cire tabarau. "Magani?"

"A'a. Bincikena."

Na faɗa mata komai a tsaye, ina kallon kalandar da ke bayanta. Da na gama ta dube ni.

"Ke ɗiyar fari ce ko?"

"E."

"Innarki ta taɓa faɗin sunanki gaban baƙo?"

"A'a."

"To mi ya sa kinka zaci ta ƙauye za ta faɗi na tata, ga surukai na jin ku ta bayan zana? Kun je jami'a an ba ku takarda da Turanci, kun juya ta Hausa, kun manta gidan da kunka fito." Ta mayar da tabarau. "Zauna, tsayuwarki na sa ni ciwon wuya. Gida nawa kika yi wa haka?"

"Ban ƙirga ba tukuna."

"Ki ƙirga. Sannan ki rubuta mini rahoton abin da ya faru, yadda ya faru, ba kuka ba neman gafara. Zan sa a fayil don masu zuwa bayanki. Ba korarki zan yi ba, wa zai riƙe mini ɗakin yara?"

"In na koma, yaya zan tambaye su?"

"Ba uwa ake tambaya ba. Kaka ake tambaya, ko kishiyar uwa, ko ungozoma. In dole sai uwar, ki ce akwai wani yaro na ɗakin nan da ke wajen kakarsa? Kai kawai za ta ɗaga miki, ya ishe ki. Kuma gidan kakar za ki bi, don can yaron ke wasa, can yake cin ƙasa." Ta jawo jadawalin gabanta. "Sai dai ki sani, Talatocin da na ba ki wata uku sun jawo mini gunaguni. In kina son wasu, aikin Asabar da Lahadi duka naki ne har ki gama. Ba zuwa Gummi."

"Wata nawa kike gani?"

"Gida sittin da huɗu, da gidajen kakanni, ga damina na shigowa? In kin yi uku kin yi sauri." Ta dube ni ta saman tabarau. "Malamin lissafin fa?"

Ban san ta sani ba. Na sunkuyar da kai.

"Kin gani," ta ce. "Ke ma ga shi kin sunkuyar. In rubuta ya rasu?"

Na tashi na yi mata sallama.

Na koma ɗaki, ban cire rigar aiki ba. Na zazzage bakkon a kan katifa, na jera takardun, na shiga gwada tambaya ta biyar da ta tara ɗaya bayan ɗaya. Duk inda lissafi bai cika ba kuma na sa alamar rasuwa ba tare da uwar ta furta da bakinta ba, na ware gefe. Wuraren da uwa ta ce mini ya rasu, har ta faɗi shekarar, daban suke, na bar su. Na ware na ware, har la'asar ta yi.

Ashirin da uku.

A cikinsu wataƙila wasu sun rasu da gaske. Ban sani ba, kuma rashin sanin shi ne laifin. Abin da na sani, ban ɗebi jinin ko ɗaya ba. Kuma wannan adadi na mace-mace shi ne abin da malamina ya fi yabawa a daftarin rahoton da ya duba. Ya ja masa layi, ya rubuta a gefe cewa wannan zai sa a waiwayi yankin.

Zan gaya muku gaskiya tunda na saba. Na zauna a bakin katifa na yi tunanin yin shiru. Rahoton a shirye yake cikin kwamfuta, dannawa ɗaya ne. Babu mai bin ƙauyukan nan ya duba. Sista Turai ba ta san malamina ba. In gyara na Sahura kaɗai, in tura, ranar Juma'a in ce wa Baba su zo. In sa leshi ruwan zuma, in koma Gummi, in daina cin taliya ni kaɗai a kan murfin bokiti. Shekarata ashirin da tara. Ƙawayen da muka gama tare duk sai dai in ga hotunan suna a wayata. Na gaji da ɗakin nan da ba mai yi mini sannu da zuwa.

Na kai minti ashirin a haka. Sai na ɗauki takarda ta sama a cikin waɗanda na ware, gida na bakwai. Haihuwa uku, sunaye biyu. Na tuna gidan, na tuna wani yaro mai jar riga da ya leƙo ta katangar maƙwabta yana kallon akwatin allurata, matar ta yi kamar ba ta gan shi ba. A lokacin na ɗauka ɗan maƙwabta ne.

Na yi sallar la'asar. Na buɗe kwamfuta na rubuta wa malamina cewa ba zan turo rahoto ranar Juma'a ba, adadin mace-macen da ke shafi na goma sha huɗu ba abin dogaro ba ne, kuskuren daga wajen tambayata ne, ina neman izinin gyara tambaya ta tara in sake zagaye. Na karanta sau ɗaya, na tura kafin zuciyata ta canza.

Saura mai wuyar. Na san Nafi'u yana tashi daga darasin yamma ƙarfe biyar. Na jira har biyar da kwata, na kira. Ban cika kiransa ba, shi ke kira, don haka ya ɗauka da fara'a.

"Yau wace rana, Malama Nas da kanta? Bari in tsaya gefen hanya."

Na ji ya kashe mashin. Na ji hayaniyar yara 'yan makaranta suna wucewa, wani na gaishe shi.

"Malam, akwai magana."

"Ina jin ki."

Na faɗa masa zancen Habsu, da Sahura a bakin ƙofa, da takardu ashirin da uku. Bai katse ni ba. Shi mutum ne mai sauraro, abin da ya fara sa na so shi ke nan.

"Yarinyar za ta tashi?"

"Muna fata. An fara ba ta maganin fitar da gubar. Amma ba za ta koma gidan kakar ba sai an kwashe ƙasar wurin."

"Allah Ya ba ta lafiya." Sai ya tambaya, "Ba wanda zai iya zuwa madadinki? Ki ba da sunayen gidajen."

"Na yi musu alkawari ba mai ganin takardun nan da sunayensu sai ni. Da wannan sharaɗin sunka dangwala. Wasu mazansu ba su san sun yi magana da ni a kan niƙan dutse ba. In baƙo ya shiga da takarda a hannu, ba za a sake buɗe wa kowa ƙofa ba."

"Talata nawa?"

"Kamar goma sha biyu."

Na ji numfashinsa. Na san lissafi yake yi, na kuma san ba na kwanaki ba ne kawai.

"Safara'u," ya ce. Rabon da ya kira ainihin sunana har na manta. "Ranar da anka tare Yaya, ni na raka shi tasha. Ni na ce ya bi ta nan ta fi kusa. Kin san wannan. Duk Talata ina shiga aji in rubuta lissafi a allo, ban san mi nake rubutawa ba. Na ce miki zan iya wata uku, na yi. Ban ce zan iya shida ba."

"Na sani."

"Ba cewa nake ba ki da gaskiya ba. Da ɗiyata ce a gidan kakar, zan so ki je."

"Na sani, Malam."

"To mi kike so in ce?"

Ina da amsa. Ina so in ce ka jira ni, ba ni da kowa a garin nan sai muryarka. Maganar ta zo har bakina. Abin da ya fita shi ne, "Duk abin da ka gani."



"Shi ke nan," ya ce. "Zan je wajen su Kawu bayan magariba. Ke kuma ki kira gida da kanki, kada Baba ya ji a bakin wani."

"Za ka ce musu su dakata ne, ko su fasa?"

Na ji ya tayar da mashin.

"Ki turo mini saƙo ranar Talata in kin dawo," ya ce, ya kashe wayar.

Na zauna da wayar a hannu har hasken fuskarta ya mutu. Ba a jima ba ta sake haske, sunan Hajara ne. Na bar ta tana ruri a kan katifa. Na jawo takardun ashirin da uku, na shiga jera su bisa hanya, ƙauyen da ya fi nisa a sama, don in fara da shi tun ruwa bai cika rafi ba.